Ranar da Mai Walda Ya Amsa da Ladabi

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin asibiti da tsayuwar da ba ta ƙarewa. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ta daina kumburi tun da na rage zama a kan keken ɗinki. Baba yana shan maganin hawan jininsa, ni nake miƙa masa, ina tsaye har ya haɗiye.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina. Duk sanda kika kira, wayar Baba kike kira, yana zaune, ni ina bakin ƙofa ina cewa lafiya lau. Ƙaramar wayata kuwa ko banɗaki na shiga da ita yana ji. Ganinsa ne ya ragu, kunnen yana nan kamar na zomo. Shi ya sa na nemi biro. Direban babbar motar da ke zuwa garinku ya ce zai kai miki har ƙofar asibiti. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Maganar Baba ce, da wayar nan da kika aiko masa bayan rasuwar Yayanki, Allah ya jiƙansa. Tsofaffin da suka yi aiki tare a masaƙa kafin a rufe ta sun buɗe guruf, suka sa shi a ciki. Kin tuna aikinsa a can, shi ne mai tsayawa a ƙofa da safe yana kiran sunan ma'aikata. To ya koma bakin aiki. Gari na wayewa zai ja kujera jikin taga, don nan ne sabis yake kamawa, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya danna wurin murya ya fara: “Kafinta. Dogo. Akawu. Mai Walda.” Haka har ƙarshe. Kowa ya amsa, wani da rubutu, wani da murya.

Da farko na ji daɗi, don ina kicin nake jin dariyarsa, abin da na daɗe ban ji ba a gidan nan. Yanzu dariyar ta ƙare. Ba ya kai shayi baki sai na ƙarshe ya amsa. In wani ya makara, Baba zai tashi, ya zauna, ya sake tashi, yana duba 'yar alamar nan ta gefen saƙo ko ta zama biyu. Jiya Dogo bai amsa ba sai da rana ta take, ashe cajinsa ne ya ƙare. Baba bai ci komai ba har lokacin.

Ga kuma abin da ake turowa a guruf ɗin. Kullum hoton wani da addu'a a ƙasa, wai ya rasu, wasu ma Baba bai taɓa saninsu ba, amma sai ya buɗe ya ƙura wa fuskar ido. Sai bidiyon ciwo. Wai launin farce yana nuna ƙoda ta lalace, wai in ka ji kasala da safe zuciya ce. Na sha samunsa ya ɗaga hannu a hasken taga yana duba faratansa. Bencin ƙofar gida da yake zama da maƙwabta ya bar shi, ya ce rana tana hana shi ganin rubutun waya. Bel ɗinsa ya yi masa yawa, da ƙusa na huda masa sabon rami.

Ban san yadda zan yi ba, Auta. Ni kaɗai abin ya fi ƙarfina.

Matar Yayanki


Matar Yaya,

Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya, sai gajiya. Ki riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi in kin dawo daga shago.

Game da Baba, kada ki ɗaga hankalinki. Ina ganinsa a kan layi kullum, kuma ba ya fashin turo mini ina kwana da hoton fure. Mutumin da yake kiran sunan abokansa ba ya manta ko ɗaya, ƙwaƙwalwarsa ƙalau take. A nan har ƙarfafa wa tsofaffi gwiwa muke yi su riƙa hira da mutane ta waya, don kaɗaici ya fi hawan jini kisa. Rama kuma ta tsufa ce da ta rashi. Zan aiko da maganin ƙarin cin abinci.

Amma ba wannan ya hana ni sukuni ba. Layin ƙarshe na takardarki nake ta maimaitawa. Kin ce abin ya fi ƙarfinki. Matar Yaya, mu duka mata ne, ki faɗa mini gaskiya. In mutanen gidanku ne suka fara maganar ki koma, ko wani ne ya fito, kada kunya ta hana ki. Kin yi wa Yaya komai, kin yi wa Baba abin da ni 'yarsa ban yi ba. Ba ki da ɗa a gidan da za a ce shi ya riƙe ki, ba wanda zai ga laifinki. Ki dai ba ni lokaci in nemi wadda za ta riƙa kula da shi.

Ki gaishe da mai shagonku.

Auta


Auta,

Ina gaishe ki. Magani ya iso, Baba ya karanta takardar cikinsa daga sama har ƙasa, ya nemi sunansa a waya, ya ga wani ya ce yana taɓa hanta, ya ajiye shi a kan kabad. Yana nan ko buɗe shi ba a yi ba.

Na jinkirta amsa don na ji zafin takardarki, kuma ba na son in rubuta miki da zafi. Na ce gyara kayanka, ke kuma kin ji sauke mu raba. Babu wanda ya fito, ba ni kuma neman kowa. Gaskiya ne Allah bai ba mu haihuwa ba, ba sai an tuna mini ba. Amma in na bar gidan nan ina zan je in ji tari irin na Yayanki? Baba yana gyaran murya kafin ya yi magana kamar yadda shi yake yi. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in ji, in tsaya da kwano a hannu. Abin da ya rage mini ke nan. Na yafe miki, na san ba da mugunta kika faɗa ba, kada ki sake dai.

Ke hoton fure kike gani, ni kuma ina ganin hannun da ya tura shi. Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, don ba ki iso ba sai bayan an binne. Ranar da motar Yayanki ta faɗi, da safe Baba ya ari wayar maƙwabci ya tura masa saƙo yana tambayar ko ya sauka. Saƙon ya tsaya a alama ɗaya. Maƙwabcin ya ce sabis ne, ba komai. Baba ya sha shayinsa, ya fita benci, har ya yi gardamar ƙwallo. Sai da yamma aka zo. Tun daga ranar, alama ɗaya a wurin Baba ba sabis ba ce.

Yanzu ga abin da nake yi, ki ce mini ko kuskure ne. In wani bai amsa ba, kafin in wuce shago sai in biya gidansa in dubo shi, in kira Baba in ce na gan shi da idona. Na san gidajensu duka yanzu. Na san Kafinta yana sa waya a aljihun rigar da aka kai wanki. Na san Akawu barci ne da shi kamar an yi masa allura. Mai shago ta fara kallon agogo in na shigo, ba ta ce komai ba tukuna.

Wanda ya fi ba ni wahala Mai Walda. Kin tuna shi, ƙaton nan mai tabon wuta a hannu, aminin Baba tun suna samari. Shi da gangan yake makara. In ya ga dama ya amsa, sai ya turo murya: “Kai tsohon banza, an rufe masaƙa, wa ya ba ka aikin nan? Ban mutu ba, sai na ci sadakarka tukuna.” Wannan zagin shi kaɗai ne yake sa Baba ya saki fuska. Ya kan mayar masa: “Makararre, an yanke maka rabin yini.” Rannan na je gidansa, na same shi a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera. Na roƙe shi ya riƙa amsawa da wuri. Ya ce, “'Yata, in na amsa da wuri da me zai cika safiyarsa? Ki ce masa ya tako da ƙafarsa ya gan ni, ba cikin gilashi nake zaune ba.” Na faɗa wa Baba. Ya ce in ya fita wa zai tsare guruf.

Ki yi mana addu'a.

Matar Yayanki


Auta,

Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya, hankalina ne ba ya tare da ni. Ban jira amsarki ba, don na samu direban zai tashi yau.

Mai Walda ya rasu. Shekaranjiya bai amsa ba, na ɗauka halin nasa ne, na tafi ina shirya faɗan da zan yi masa a hanya. Ina shan kwana na ga kujeru a ƙofar gida da takalma birjik. A barci ya tafi, babu ciwo, babu jinya. Har an kai shi kafin in iso. Babbar 'yarsa ta rungume ni muka yi kuka, ni ban san ko shi nake wa kuka ko Yayanki ba. Wayarsa tana ɗaki a kashe, 'ya'yansa ba su san da wani guruf ba, don haka babu wanda ya sanar a can.

Ina tsaye a wurin wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ya ce, “Kin gan shi?” Muryarsa kamar ta yaron da ya ɓata a kasuwa. Auta, bakina ya riga tunanina. Na ce wayarsa ce ta faɗa ruwa, an kai gyara. Na ji ya sauke numfashi, ya ce, “Sakarai, ko a masaƙa haka yake da kayan aiki.” Da na dawo na tarar ya cinye burodinsa.

Jiya da yau ya kira sunansa kamar kullum, sannan ya ce wa sauran, “Mai Walda yana da uzuri.” Amma ya fara tambayata wane irin gyara ne ba ya ƙarewa, har ya ce in kai masa tsohuwar wayar Yayanki ya riƙe kafin nan. Sauran tsofaffin unguwanninsu da nisa da tasa, ba su ji ba tukuna, amma za su ji.

Ina tsoron in faɗa masa jininsa ya hau, ina ni kaɗai a gida. Ina tsoron in ci gaba da yin shiru. Ke kika san aikin asibiti, ki gaya mini abin yi.

Matar Yayanki


Matar Yaya,

Allah ya jiƙan Baba Mai Walda. Shi ya fara ɗora ni a kan keke. Na yi kuka a ɗakin canza kaya.

Kafin komai, ki yafe mini maganar ɗa. Na so in sauƙaƙa miki ne, na yi ɓarna.

Kada ki faɗa wa Baba yanzu. Da irin awon jinin da kika rubuto mini a bayan takarda, labari irin wannan zai iya kayar da shi, kuma ba a ba ni hutu sai ƙarshen shekara. In na zo, mu zauna mu biyu mu gaya masa a hankali, da magani a kusa. Na samu lambar babbar 'yar marigayin, mun yi magana. Ta yarda za ta kunna wayar ubanta kowace safiya ta rubuta gajeriyar amsa, don Baba ya samu ya karya. Na kuma kira Akawu, tun da shi ya buɗe guruf ɗin, na roƙe shi ya bi sauran ɗaya ɗaya kada kowa ya sa sanarwa. Bai so ba, amma ya ce saboda Baba zai yi.

Na san ba daɗi. A nan ma muna ɓoye wa mara lafiya labari har ya samu ƙarfi. Na ɗan lokaci ne. Ke dai ki ci gaba da ba shi magani a kan lokaci.

Auta


Auta,

Gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba. Garin neman gira mun rasa ido.

Safiyar da yarinyar ta fara, ina kicin ina jin Baba. Ya kira Kafinta, ya kira Dogo, ya kira Akawu, ya ce Mai Walda. Ko rufe baki bai yi ba wayar ta yi ƙara. Na leƙo ina murna. Na ga ya matso da ita kusa da ido, ya nesanta ta, ya sake matso da ita. Ya ce, “Zo ki karanta mini, ko idona ne.” Na karɓa. An rubuta: “Lafiya lau, ranka ya daɗe. Mun tashi lafiya, na gode da kulawa.”

Na karanta masa. Sannan ya ce, “Mutumin nan tun muna da baƙin gashi bai taɓa ce mini ranka ya daɗe ba. Bai taɓa amsawa da wuri ba. Kuma bai iya rubutu ba, ni nake sa masa hannu a takardar albashi.” Ya cire tabarau ya dube ni. “Yaushe?”

Na durƙusa na faɗa masa komai. Ban sa sunanki ba da farko, amma ya tambaya wa ya san lambar yarinyar, dole na faɗa. Jininsa bai hau ba, Auta, na auna. Bai faɗi ba, bai yi kuka ba. Cewa ya yi, “An binne shi ina nan ina cin burodi. Kun sa ina kiran gawa, gawa tana amsa mini.” Ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Da a nan abin ya tsaya da na ce fushi ne, zai wuce. Washegari ya fito ya zauna jikin taga, ya kira suna, kowa ya amsa da sauri don duk sun ji kunya. Ya bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya yana cewa, “Wannan wa ya rubuta? Wannan fa?” Dogo ya turo murya, Baba ya saurara ya ce ai ana iya ajiye tsohuwar murya a sake turowa. Na ce zan je in dubo masa su. Ya ce, “Ke?” Kalma ɗaya, amma da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Sai ya gangaro kanki. Ya buɗe saƙonninki yana ja sama. Ya ce rabon da ya gan ki da ido tun zaman makokin Yayanki. Ya ce 'yarsa ba ta cika rubuta “Babana na kaina” ba, yaushe ta fara. Ya ce me ya sa in ya kira ki ake cewa kina aiki. Na rantse masa kina lafiya. Ya ce, “Haka kika ce wayar ta faɗa ruwa.” Na ɗauko takardunki na nuna masa rubutun hannunki, har da wadda ba na son ya gani. Ya ce idonsa ba ya rarrabe rubutu, kuma ni ma ina da biro.

Na ce to bari ta kira ka ta bidiyo ka ga fuskarta. Ashe a guruf an taɓa turo musu wani bidiyo, an ɗauki fuskar mamaci an sa ta tana magana tana murmushi, ana gargaɗin a yi hattara. Ya ce ya gani da idonsa, na'ura tana iya tayar da kowa.

Baba ya ɗauka kin mutu muna ɓoye masa. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Na daina zuwa shago, ba na iya barinsa.

Matar Yayanki


Auta,

Ina gaishe ki, in takardar nan ta same ki. Direban ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, babu komai daga wurinki. Ya ce a hannun mai gadi ya bar waccan. Na tambaye shi ko ya gan ki, ya ce shi bai taɓa ganinki ba ma, mai gadi ne ke karɓa ya kuma ba shi amsa.

Ranar da kika kira ta bidiyo ina tsaye a bayan Baba. Na ga fuskarki, na ga kin ce Baba. Kin ji abin da ya ce, “Ko wace ce ke, ki ji tsoron Allah, ki bar mini 'yata ta huta.” Ya kife wayar. Tun daga ranar ba ki sake kira ba. Na kira ki da ƙaramar wayata, tana shiga ba a ɗauka.

Yanzu ya daina kiran sunan kowa da safe. Yana zama jikin taga da waya a cinya, yana kallon hotonki na ranar gama makaranta. Jiya na ji yana yi miki addu'ar da ake yi wa wanda ya riga mu. Ya tambaye ni, a hankali, ba faɗa, ko kin sha wahala. Ya ce ba zai yi fushi ba, in dai faɗa masa inda aka sa ki. Maƙwabci ya shigo ya yi masa magana, Akawu ya zo da kansa da sanda. Ya yarda Akawu yana da rai tun da ya riƙe hannunsa, amma ya ce Akawu ma da shi aka haɗa baki.

Zan gaya miki abin kunya. Zama da shi ya fara shiga kaina. Da safen nan ina shara na tsaya ina tunani, ni ma yaushe na gan ki? Fuskar nan da na gani a gilashi ta yi fari, muryar tana yankewa. Na yi ta'awizi na ci gaba da shara, amma tunanin bai tafi ba. Na riga na san yadda ake ce wa mutum sabis ne.

Ba magani nake nema ba, ba shawara ba. Gani ya kori ji. Ki zo, ko ki aiko mini da kalma ɗaya.

Matar Yayanki


Matar Yaya,

Ina raye, ina lafiya. Ki yafe mini shirun. Bayan abin da Baba ya ce mini na kasa ɗaukar waya, na kasa riƙe biro. Ni na kawo dabarar, ke kike shan wahalarta. Na je na roƙi hutu aka hana, sai na bi abokan aiki ina karɓar kwanakinsu, ina fita daga wannan aiki in shiga wancan, don su riƙe mini nawa. Wayar tana cikin loka, akwatin ajiyar kayanmu, in na fito ba na ko iya duba ta. Yanzu sun yarda.

Zan biyo motar da ke bayan wadda ta kawo miki wannan. Kada ki ce masa ina zuwa, ba zai yarda ba, kuma jiran zai ƙara masa. Ki bar ƙofa a buɗe kawai.

Auta


Auta,

Ina fatan kin sauka lafiya, kuma ba su yi miki faɗan kwanan da kika ƙara ba. Gidan ya yi faɗi da kika tafi. Na koma shago, mai shago ta ce kujerata tana nan, ta haɗa ni da tulin ɗinkin kalmasa.

Har yanzu ina ganin shigowarki. Yadda Baba ya ƙi tashi, ya ce ki matso, ya bi fuskarki da tafin hannu, ya ja kunnenki har kika ce wayyo, sannan ya kifa kai a kafaɗarki. Tun rasuwar Yayanki ban ga hawayensa ba sai ranar. Ni ma da kika rungume ni na ɗan matse hannunki fiye da kima, ina jin kin lura.

Ga labarin bayanki. Yana cin abinci, ba da yawa ba, amma yana ci. Kofin da kika sha shayi ranar tafiya ya hana ni wankewa, yana kan taga da alamar bakinki. In kin turo saƙo sai ya karanta, ya dubi kofin, sannan ya amsa. Ban ce masa komai ba. Likitan da kika haɗa mu da shi ya ce a riƙa kai shi suna hira, kuma a daina ɓoye masa abu, ko mai daɗi ko mara daɗi. Baba ya ce likitan yaro ne amma yana da kunne.

Mun je gidan Mai Walda ya yi gaisuwa. Yarinyar ta durƙusa tana ba shi haƙuri. Ya ce, “Tashi, ba laifinki ba ne, tarbiyya ce ta yi miki yawa. Da kin zage ni da har yau ban gane ba.” Aka yi dariya, aka yi kuka. Ya zauna a kan kujerar da marigayin ya gyara, ya daɗe a kanta.

Ni kuma bai gama sakin jiki da ni ba. In na ce an ɗauke ruwa sai ya je ya murɗa famfo da kansa. Ba na jin haushi, ni na jawo. Shekaranjiya dai ya ce mini, “'Yata, gishiri ya yi daidai,” na shiga kicin na share ido.

Wayar tana nan, ban ɓoye ta ba, ban kuma kashe data ba. Ya koma kiran suna. In ya zo wurin Mai Walda sai ya ɗan tsaya, ya yi gyaran murya, ya wuce. Hotunan rasuwa har yanzu yana buɗewa, na roƙi Akawu a rage turowa, ya ce tsofaffi ba sa jin magana.

Zan tsaya nan, da safe nake rubutun kafin in fita. Kowa ya amsa sai Dogo, saƙon yana alama ɗaya, kuma kwanan nan yana fama da ƙirji. Shayin Baba ya huce, bai kai shi baki ba. Na ɗauko mayafi na ce zan je in dubo, duk abin da na tarar zan faɗa masa yadda yake. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ajiye wayar a kan kujera ya ce in jira shi, ba zai ƙara jin labarin kowa a bakin wani ba. Yana ɗaki yanzu yana neman takalminsa. Ban san abin da za mu tarar ba, Auta. Ki sa mu a addu'a.

Matar Yayanki